Tayoyin Aro

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Sani ne mai tumatir daga Madarumfa.

Na sayi tsohuwar akori-kura a Ɗan Issa don kai kayan lambu Maradi. Aminina Lawali bakanike ya duba min ita, tayoyinta sababbi fil. Bayan ciniki ya ce in bar ta garejinsa ya canza mai. Da na ɗauko ta, ban ko kalli ƙafafunta ba. Lodin farko suɗaɗɗiyar taya ta fashe, tumatir ya ruɓe a rana. Ran Juma'a na ga tayoyina a motar ƙanen Lawali! Lawali ya ce wai dama na ƙanen ne, aro aka yi aka sa wa motar don ta sayu.

Jama'a, in kai shi gaban mai gari? Shekara ashirin kwano ɗaya muke ci, yau ko gaisuwarsa ba na iya amsawa.