Canjin Da Koci Ya Yi

A tashar Ƙanƙara, Malam Mamman na zaune cikin motar Faskari ana jiran ta cika, sai saurayin da ke gefenshi ya ja tsaki.

"Baba, ka kalli wasan kusa da na ƙarshe jiya? Mu 'yan Faskari muna cin Sabuwa ɗaya da nema, sai koci ya cire Gide da ya ci ƙwallon, ya sako wani dogo a baya!"

"To, an rama?"

"Ba a rama ba. Amma da an bar Gide, da ya ƙara."

"Ya gaji, ɗana, ƙafa yake ja. 'Yan Sabuwa kuma sun koma cillo ƙwallo ta sama. Mai tsawo ake so a baya."

"Wannan dogon? Ko gudu bai iya ba."

"Wa ya sa kai ya fidda ƙwallo a bakin raga ana gab da tashi?"

Saurayin ya sosa ƙeya. "Shi ne. Gide yayana ne, shi ya sa abin ya yi mani zafi."

Malam Mamman ya gyara hula yana murmushi.

"Ka gaishe shi, ya iya ƙwallo. Dogon kuwa sunanshi Mani. Ni na haife shi."