Duwatsun Murhun Kawu Sale

Kuɗin motata zuwa Ikko akuyar Inna ce, wata ja mai karyayyen ƙaho. Da hannuna na ja ta kasuwar Ɗanbatta, tana kuka ina ba ta haƙuri. Ku yara ba ku san shekarar nan ba. Ruwa ya ɗauke gero yana da ciki, taki ya fi ƙarfin kowa, tun kafin sanyi ya wuce in ka leƙa rumbunmu ka yi magana sai ya amsa maka. Inna ta kama hannuna ta danƙa wa ƙanenta, Kawu Sale, ta ce, "Ga Haladu nan. Ka san halinsa."

Ya ce, "Na sani, Yaya. Wa bai sani ba a garin nan?"

Ai kuwa an sani. Ni ne na bar sakandare a aji biyu, ba don kai ya gaza ba, don dai an tsinci ƙadangare a butar firinsifal aka rasa wanda za a zarga sai ni. Ni ne ɗin kuwa, amma ai ba su da shaida.

A Dawanau muka hau bayan tirela, kan buhunan wake, ni da Kawu da Tanko ɗan unguwarmu, ƙato kamar rumbu amma ko tsaka ya gani sai ya yi salati. Muka sami ɗaki a Agege, taga ɗaya, ita ma an toshe ta da kwali. Mai gidan wata tsohuwa ce da ake kira Iya, ta tsinci Hausa a wajen mahauta, duk ta faɗa ce.

"Malla, babu wuta a baranda!"

"To a ina za mu dafa, Iya?"

"Bayan gida, bakin kwata."

"In ana ruwa fa?"

"Ka ci ruwa!"

Kawu ne mai yi mana girki, don shi aikinsa gyaran takalmi ne a bakin titi, yana dawowa da azahar. Abin da ya fi ci masa rai a Ikko ba Iya ba ce, rashin dutse ne. Ƙasar duk yashi da laka. Da fasasshen bulo yake kafa murhu, kwana uku wuta ta cinye shi, tukunya ta karkace. Kullum sai ya ce, "Gari duk bene, a rasa duwatsun murhu guda uku." Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Ni kuwa Allah ya haɗa ni da Oga Dele. A Sabon Garin Kano ya tashi, Hausarsa ta fi ta wasunku. Ya ga na ɗauki jarka biyu ina waƙa, ya ce in biyo shi. Sana'arsa ita ce shigar da teku cikin falon masu kuɗi. Kai Nazifi, rufe bakinka, ba ƙarya ba ce. Akwatin gilashi ne, wani ya fi gadon amarya tsawo, suna ce masa akwariyon, ni na ce akwai-riya, don dai a gani a yaba ake yin sa. A cika shi da ruwan gishiri, a sa fitila shuɗiya a sama, a sa famfo mai kaɗa ruwan dama da hagu, a tanadar masa janareto nasa na kansa. Mu muna rabon garin kwaki da gwangwani, kifi yana da janareto.

Ba kifin ne aikin ba, jeren duwatsu ne. Duwatsun daga teku ake kawo su a jiƙe, marasa nauyi, duk ramuka kamar gidan gara. Ranar farko na tula su a tsakiya kamar mai tara kara. Oga ya riƙe kai.

"Haladu, kabari na ce ka yi? Haka kuke gina gida a ƙauyenku?"

"A'a, Oga."

"To gina musu gida. Ina zaure? Ina lungun ɓuya? Ina tsakar gida?"

Daga nan na gane. Sai ka tayar da tudu babba a gefe guda, ba a tsakiya ba, ƙarami a ɗaya gefen, ka bar filin yashi tsakaninsu. Ka haɗa biyu da baka kamar ƙofar soro, kifi ya riƙa ratsawa. Kada dutse ya jingina da gilashi, ka bar hanyar da ruwa zai zaga ta baya ya kwashe datti. Kafin wata biyu, wallahi matar wani mai kuɗi a Ikoyi cewa ta yi ita malam ɗin nan take so ya jera mata, ba Oga ba. Oga ya ce bai ji ba. Ya ji.

A kan duwatsun ake dasa murjani. E, murjanin nan da kakanninku ke ɗaurawa a wuya, ashe kafin ya mutu rai gare shi. Wani kamar ƙahon barewa, wani kamar naman kaza, wani kamar faifai. Masu son haske a sama, masu son inuwa a ƙasa. Kuma ba a matse su. In biyu suka kusanci juna sai ɗaya ya miƙo wasu zare farare ya ƙone ɗan'uwansa, ka wayi gari gefensa ya zama ƙashi. Na ce wa Oga ai wannan rigimar iyakar gona ce, mu nan da ƙafa ɗaya ta ƙasa ake kai mutum gaban dagaci, ba wanda zai koya mini. Ban taɓa jin daɗin kallonsu ba dai. Abu ba ido, ba murya, yana zaune lafiya lau yana kashe maƙwabcinsa.

In na dawo ɗaki na ba da labari sai a yi ta dariya. Tanko ya ce, "Dutse mai rai? Kai dai Haladu ko a lahira sai ka yi wa mala'iku ƙarya." Kawu ba ya dariya, girgiza kai kawai yake. Na ƙudura sai na nuna musu.

Rannan muka je wani gida inda wasu furanni ruwan ƙasa, kamar maɓallan riga, suka mamaye duwatsu uku suna kashe komai. Na ga Oga ya sa safar hannu har gwiwar hannu, ya sa tabarau, ya rufe hanci. Ban taɓa ganin ya yi haka ba. Ya ciro duwatsun a hankali ya ƙulle a leda biyu.

"Ka kai juji ka haƙa rami ka binne. Kada ka taɓa da hannu. Kada ruwansa ya shiga idonka. Wuta kuwa, ko ruwan zafi, ko da wasa. Ka ji ni?"

"Na ji, Oga."

"Haladu, kalle ni. Na san mutumin da wannan abin ya kashe wa kare, shi ma da ƙyar ya sha."

Na ce na ji. Ina fita na ce a raina, ga maganin Tanko. In sa masa ɗaya a bokitin wanka, furannin su buɗe suna motsi, in ga ƙaton nan ya fito da gudu ba zane a gaban Iya. Na kai su ɗaki, na tura bayan ƙofa na rufa buhu. Ban gaya wa kowa ba, don kada wasan ya lalace. Washegari motar Oga ta zo da sassafe tun kafin Tanko ya ɗebi ruwa. Na ce ba komai, gobe ma rana ce.

Wajen hantsi hadari ya taso daga teku, baƙi ƙirin. Ikko ba ta jiran damina irin tamu. Ina goge gilashin wani gida sai maganar Kawu ta faɗo mini, duwatsun murhu guda uku. Kuma ana ruwa, ba zai dafa a bakin kwata ba. Na yar da tsumman, ban ko yi wa Oga sallama ba.

Na tarar da ƙofa a rufe saboda Iya, tururi na fita ta ƙasa. Ina turawa wani ɗaci kamar na tsohon kwabo ya cika mini baki. Kawu na tsugune, fuskarsa a kan murhu yana hura wuta, duwatsun nan uku suna tsuwa suna fitar da kumfa, tukunyar wake zaune daram a kai. Ya ɗago yana murmushi, idanunsa jajur.

"Allah ya yi maka albarka, Haladu. Yau ka yi abin kai. Wata ƙazanta ce a jikinsu, na kankare ta da ruwan zafi."

"Kawu, ku fita! Guba ce!"

Tanko na kwance yana tari, ya ce, "To, an fara. Jiya rai, yau guba."

"Wallahi tallahi!"

"Da wallahin ka sayar wa Malam Idi na unguwarmu mataccen zakara."

Ba wanda ya motsa. Sai na sa ƙafa na yi fatali da tukunyar. Waken kwana biyu ya watse a ƙasa, a irin wannan shekara. Tanko ya tashi ya kwaɗa mini marin da har yau wannan kunnen ba ya ji sosai. Na gode masa, don na ruga waje ya biyo ni zai ƙara, fitar nan ita ta cece shi. Kawu ya tsaya yana tsince waken. Sai da na koma na jawo shi ta wuyan riga.

Kafin la'asar zazzaɓi ya kayar da mu duka. Ni da Tanko tari ne da rawar ɗari. Kawu kuwa numfashinsa ya koma kamar ana zuƙar kunu da tsinke, leɓensa ya yi toka. Iyar da muke zagi ita ta tsayar da mota, ta aika aka nemo Oga. A asibiti Oga ya yi wa likita bayani da Turanci, aka sa wa Kawu robar iska a hanci. Oga ya fito ya tsaya a kaina ya ce, "Na ce ka kalle ni, ka kalle ni kuwa." Daga ranar ban sake ganinsa ba.

Da Kawu ya farfaɗo abin da ya fara cewa shi ne, "Kada ka gaya wa Yaya." Shi ma bai taɓa faɗa mata ba. A gida cewa ya yi sanyin Ikko ne ya shiga ƙirjinsa.

Muka dawo a wata tirelar, babu akuya, babu madadinta. Damina ta faɗi, Kawu ya ɗauki fartanya ya yi kunya ɗaya da rabi ya zauna a ƙasa yana neman iska. Na karɓi fartanyar. Tun daga ranar ba a taɓa shuka gonata ba sai na gama tasa, noman fari da maimai duk ni ne. Na san abin da kuke faɗa, wai gadon gonar nake hari. Inna ma har ta rasu tana cewa Ikko ce ta shiryar mata da ni.

Ku yi shiru. Kun ji tarin nan daga bayan danga? Kawu ya tashi daga barcin rana ke nan. Nazifi, matsa in wuce, in ya fara irin wannan sai an riƙe masa kafaɗa.