Tsiren Jega da Muƙamuƙin Baba

A tashar Jega na ji wani dattijo yana ciniki da mai tsire.

"Yaro, yanka mini ƙanana-ƙanana! Rabona da nama tun damina."

"Lafiya dai, Baba?"

"Hamma na yi, muƙamuƙina ya goce, baki ya ƙi rufuwa. Likita ya mayar da shi, ya ce in riƙa gasa gaban kunne da tsumma mai ɗumi, in zauna kan kunu. Yanzu muƙamuƙin ko ƙara ba ya yi."

"Likitan ya yarda ka koma tauna ke nan?"

"Bai yarda ba tukuna. Don haka na zo nan. A garinmu Giwa Tazo, kafin in haɗiye an gaya wa uwargida."

"Hanta zan ba ka, Baba. In muƙamuƙin ya sake gocewa a tukubata, wa zai ƙara sayen tsirena?"