Ɗana Ma Can Yake

A ɗakin jira na asibitin ido, wani tsoho ya ji matar da ke gefensa ta ambaci Ostireliya, sai ya gyara zama.

"'Yata, ɗana ma can yake, a babban birnin."

"Kanbera ke nan, Baba? Can ƙanwata take."

"A'a, Sidni."

"Ai Sidni babban birnin jiha ne kawai."

"Su ma jihohi gare su?"

"Har shida, ban da yankuna. Bai taɓa faɗa maka ba?"

Tsohon ya juya wayarsa a hannu.

"Aiki ne ya yi masa yawa. Dogo ne, yana ɗan ɗingishi. In ƙanwarki ta gan shi, ta ce masa ban canja lamba ba."