Ranar da Hannun Baba Ya Yi Rawa

Barka da aiki, Malam mai gabatarwa. Don Allah kada ka faɗi sunana, domin ban taɓa gaya wa kowa wannan ba.

Tsohuwar a-kori-kurar Babana ce ke ciyar da mu a Barnawa. Tankinta na roba ya tsage, fetur yana ɗiga. Baba ya cire shi ya wanke, ya ɗora wuƙa a wuta don ya narkar da roba ya liƙe, amma hannunsa sai rawa yake. A hankali ya ce, "Uwata, karɓi wuƙar nan." Ni na liƙe.

Maƙwabta suna ta cewa, "Kai Baba, hannunka bai tsufa ba!" Shi kuwa sai ya dube ni, ya yi murmushi.

Na riga na yanke shawara, zan bar su a haka. Ka gaishe min da direbobin Kaduna, yana cikinsu.