Wuta a Gindin Ƙirya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma shugaban wanga taro, mai girma Kumandan mai mulkin ƙasar ga da ma'aikatanshi, sarakunanmu iyayen ƙasa, malamai magada annabawa, ma'aikatan gandun daji, manoma da makiyaya, 'yan kasuwa da masu sana'a na birnin Tawa, maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Sunana Yunusu, maigarin Gidan Ma'azu a ƙasar Kalfu. Ina godiya ga waɗanda sunka kira taron ga don a yi zancen daji, ina godiya da anka ba ni dama in tsaya gaban manya. Waɗanda sunka riga ni sun kawo albishir, ni kuwa ku gafarce ni, kuka niz zo da shi. Garinmu na shirin tashi, kuma da baƙin ciki nike faɗin haka.

Magana ta farko, dutsenmu. Garinmu na zaune ne a gindin wani dutse, kuma duk mai furfura a nan da yat taɓa bin hanyarmu zai shaida yadda dutsen nan yake a da. Itatuwan ƙirya da geza da taramniya sun rufe shi tun daga ƙasa har bisa, akuya in ta shiga sai dai a bi kukanta. Maƙera na samun gawayi, mata na samun makamashi, shekarar yunwa kuma 'ya'yan iccen anza su rufa mana asiri. Kada wani ya zaci iyayenmu ba su sara icce ba. Sun sara ƙwarai, amma da ƙa'ida. Sai an kai amfanin gona gida, sannan a sare icce daidai gwiwa, a bar kututture da saiwarshi cikin ƙasa. Damina na faɗuwa kututturen nan ya tofo, 'ya'ya su kewaye shi, a koma wani gefen dutse a bar wanga ya huta. Haka anka yi tun kaka da kakanni, dutsen bai taɓa tsiraita ba.

Magana ta biyu, yadda munka kashe shi. Tun zamanin Nasara anka kawo doka, anka ce ba a sara ɗanyen icce, busasshe kaɗai za a ɗauka. Da munka samu mulkin kanmu, dokar na nan yadda take. Wanda yas sa ta, alheri ya nufa, ban musa ba. To amma birnin ga ya girma, gidajen burodi sun yi yawa, motoci na zuwa har bakin garinmu neman icce. Busasshe ya ƙare, ɗanye kuma an hana. Sai mutanena sunka yi wayon da yaz zame mana annoba: a tara ƙaiƙayi da kashin shanu a gindin ƙirya, a sa wuta, a tafi. Wutar ta ci ɓawo, ta bi saiwa har ƙarƙashin ƙasa, iccen ya mutu a tsaye. In ya bushe, a zo a kayar, a wuce da shi gaban mai tsaron daji ba mai cewa uffan.

Da idona nig ga haka. Na hau dutse wata safiya, nit tarad da Abdu, ɗan ƙanena, magidanci mai iyali, durƙushe yana hura wuta a gindin wata tsohuwar ƙirya. Nic ce mishi, "Abdu, ba ka jin tsoron Allah?" Yac ce, "Baba, in na sare ta yadda kakanmu ka yi, a kama ni. In na ƙone ta, ba ni da laihi ga kowa. Ɗiyana kuwa ba su san doka ba, tuwo sunka sani." Jama'a, haka nib bar shi nan nis sauko.

Iccen da anka sara yana dawowa. Iccen da anka ƙone ya tafi ke nan, shi da zuriyarshi. Garin neman gira mun rasa ido. Yanzu dutsen nan ƙwal yake kamar kan da anka aske. Ruwan da a da ke sauka a hankali yana shiga ƙasa, yau gangarowa yake da duwatsu da rairayi. Ya haƙa kwazazzabo, ya cinye gonakin gabas, damanar bara ya tsaya dab da rijiyarmu, kuma ita ke nan gare mu. Magidanta sun taru sun gaya mini a fili, in rijiya ta tafi bana, su ma sun tafi. Ba na ganin laifinsu. Tsuntsun da yaj ja ruwa shi ruwa kan doka, mu munka ja, mu yake duka. Amma mutanen birni, ku da kuke dafa abinci da iccenmu, in kun ga gemun ɗan'uwanku ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa.

Magana ta uku roƙo ne, Kumandan, ranka ya daɗe. A bar mu mu sara abin da yar rage yadda iyayenmu sunka yi, a fili, da rana, gaban ma'aikacin daji. Wanda anka kama da wuta a gindin icce, ko ɗana ne, a hukunta shi. A tsai da motocin nan daga dutsenmu har ya farfaɗo. Mu kuma mun ɗau alkawarin jera duwatsu a bakin kwazazzabo kafin ruwan fari. Ban ce rijiyar za ta tsira ba, ƙila mun makara. Amma akwai duwatsun garin Bambeye da na sauran ƙasarmu ta Adar da wuta ba ta gama da su ba.

Jumma'ar da taw wuce munka yi rashin wani dattijo, Malam Mumuni. Anka yi wanka, anka yi salla, anka gina kabari, nit tura samari su samo iccen da za a jera a rufe shi. Sunka hau dutsen nan, sunka sauko hannu wofi. Gawa na ajiye cikin rana, jama'a na tsaye. Daga ƙarshe rumfar ƙofar gidanshi munka kwance, inda iyalinshi ke shan inuwa, da ita munka rufe shi. Matarshi Zalika na zaman takaba yanzu a gidan da babu inuwa.

Allah ya jiƙan Malam Mumuni, ya jiƙan magabatanmu, ya yafe mana ɓarnar da munka yi wa amanar da sunka bari. Allah ya ba shugabanninmu basira, ya ba mu damina mai albarka wadda ba ta rushe gida. Allah ya mai da kowa gidanshi lafiya, ya sa mu ma mu ci gaba da samun gidan komawa.

Na gode.