A Salula Na Ga Gawar Babana

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ilyasu tela ne daga Konni.

Kafin zuwan manyan wayoyin nan, da innata ta rasu a Bazaga, kawuna ya hawo kabu-kabu har shagona. Ya zaunar da ni, ya ba ni ruwa, sannan ya ce, "Ilyasu, sai haƙuri."

Watan jiya babana ya rasu. Ina tsakar ɗinki na buɗe salula, sai ga hotonsa kwance. Ɗan ƙanena ne ya watsa wa dangi, ko wanka ba a yi masa ba.

Malam, tambayar mini masu sauraro, wannan ne ci gaban? Ina gaida kawuna, mutum na ƙarshe da ya dubi idona ya faɗa mini mutuwa.